Hatimin da Ba Ya Ƙetare Kogi

A shekarar 1887 Majalisar Dokokin Victoria ta yi wa Kamfanin Riƙon Amana na Tarrabin doka ta musamman mai sashe ashirin da uku, domin a ƙasar nan babu kamfanin da ke tsayawa wasiyyin mamaci sai majalisar jiharsa ta ambaci sunansa. Kwafin dokar na rataye cikin gilashi a bayan teburin Cecil Tregear, wanda ya shekara talatin da huɗu yana aiki a ƙarƙashinta. Tregear siririn mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ba ya fita ba laima ko da sama ta yi fari tas. Da abu guda yake alfahari: a duk tsawon shekarun nan bai taɓa sa sunansa tsura a takarda ba. Kullum sai ya fara rubuta "a madadin kamfani", suna ya biyo baya, sannan a danna hatimin ƙarfe. In aka tambaye shi amfanin kamfani irin nasu, amsarsa ba ta sauyawa: mutum yana mantuwa, yana tsufa, yana mutuwa, kamfani kuwa ba ya yin ko ɗaya.

Wannan maganar ce ta jawo masa Ambrose Harrop, wani tsohon makiyayin tumaki na bakin Kogin Murray. A wasiyyarsa Ambrose ya bar wa ɗansa Noel gida da gona. Amma akwai wani yanki mai eka arba'in da ake kira Kwanar Harrop, cike da itatuwan jan turare, wanda ya ce kamfanin ya riƙe shi amana, ko wanda kamfanin ya naɗa a gurbinsa. Waɗannan kalmomi na ƙarshe Tregear ne ya sa su, don haka ake rubutawa tun zamanin magabatansa, ba don an taɓa bukatarsu ba. Sharuɗɗan biyu ne: kada gatari ya taɓa itacen da ke tsaye, kada kuma a rufe wa kowa ƙofa. In shekara ta cika daga ranar rasuwarsa ba a karɓi amanar ba, Kwanar ta koma hannun Noel ya yi yadda ya ga dama da ita.

Ambrose ya rasu ranar 14 ga Maris, 1956. Ba a jima ba sama ta ɓalle, Murray ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba a ga irinta ba tun 1870. Ruwa ya shafe hanyoyi wata da watanni, bai janye daga Kwanar ba sai bayan Kirsimeti. Saboda haka sai a tsakiyar Fabrairun 1957 Tregear ya samu zuwa ganin wurin, tare da Murdo Kinnear, safiyon da ke yi wa kamfanin awon filaye, abokinsa tun suna makaranta.

"Akawu, wannan laimar fa?" in ji Kinnear da suka fito daga mota. "Tsoro kake kada aku ya yi maka kashi a sanƙo?"

"Ka kula da sarƙar awonka, Safiyo. Bara ka ƙara wa wata gwauruwa rabin eka na maƙwabcinta."

"Kyakkyawa ce, shi ya sa."

A bakin shinge suka tarar da Dulcie Harrop, ƙanwar marigayin, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu da ba ta taɓa aure ba. Ta sa takalman ruwan yayanta, ta rungumo gwangwanin biskit mai tsatsa da takardun gidan ke ciki.

"Sannunku da zuwa, masu saurin kunkuru," ta ce. "An ce mini kamfanin ba ya mutuwa. Ba a gaya mini tafiya ma ba ya yi ba."

"Ruwa ne, ranki ya daɗe."

"Ruwa ne ya hana ka sayen kwalekwale? Ku wuce mu je."

Suka ratsa makiyaya, busasshen taɓo yana farfashewa ƙarƙashin ƙafa. Kafin a kai ga itatuwan akwai wani kwari mai faɗi da ya kewaye Kwanar kamar rabin zobe, ciyawa ta fara tsirowa a cikinsa. Dulcie ta gangara, Tregear ya bi ta yana ƙirga taku bisa ɗabi'arsa: goma sha huɗu daga wannan baki zuwa wancan. Da ya waiwaya sai ya ga Kinnear bai biyo su ba. Yana tsaye a sama, yana duban kwarin hagu da dama, murmushin nan nasa ya ɓace.

"Ranki ya daɗe, wannan kwarin yaushe ya samu?" in ji Kinnear.

"Kwarin Kaka? Tun ina goye haka na gan shi. Bara da ruwa ya zo, ta nan ya fara bi, da gudunsa, kamar mai komawa gida. Kakanmu yakan ce da kwalekwale yake shiga Kwanar yana saurayi. Mu yi ta dariya, mu ce tsufa ne ya taɓa shi."

"Ba ni takardar filin."

Ta buɗe gwangwanin ta lalubo masa ita daga ƙasa, wata tsohuwar takarda mai kauri da ta yi ruwan ƙasa. Tregear bai taɓa ganinta ba. A wasiyya Ambrose ya rubuta kawai, "filina da ke wannan gefen kogi", kuma a Tarrabin ko yaron goye ya san wannan gefe Victoria ne, wancan gefe New South Wales. Kinnear ya warware takardar, ya daɗe yana karantawa, sannan ya miƙa wa Tregear, ya ɗora yatsa a kan tambarin. An buga shi a Sydney, a shekarar 1864.

Abin da safiyon ya gani ke nan. Ranar 1 ga Yuli, 1851, aka yanke Victoria daga New South Wales, aka mai da Murray iyaka. Bayan shekara huɗu majalisar Landan ta fayyace cewa kwarin kogin ɗungurungum na New South Wales ne. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida ta masu shari'a: kogin da ke cin gaɓarsa sannu a hankali yana tafiya da iyaka, amma wanda ya yi tsalle farat ɗaya ya bar iyaka inda take. A 1870 Murray ya yi tsalle. Ya huda wuyan Kwanar ta arewa, ya bar tsohuwar hanyarsa ta bushe. Kogi ya tafi, iyaka ta zauna cikin ciyawa shekara tamanin da bakwai, tumaki suna kiwo a kanta.

"Akawu," in ji Kinnear a hankali, "barka da zuwa New South Wales."

Tregear bai bukaci ya koma ofis ya duba gilashi ba. Ya haddace sashe na biyu: kamfanin zai yi aiki "a cikin Victoria". Tun 1901 jihohin suka haɗu ƙasa ɗaya, aka rufe ofisoshin kwastan da ke kan gadoji, amma kowace jiha ta riƙe kotun gadonta da jerin kamfanonin da ta yarda da su. Hatimin Tarrabin, wanda zawarawa da marayu dubu suka dogara da shi, ba shi da wani ƙarfi bayan takun nan goma sha huɗu.

"Wato me?" in ji Dulcie.

"Wato ba za mu iya karɓa ba, ranki ya daɗe."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "To tunda kun sha tafiya, ku zo ku ga abin da za ku zubar."

Suka shiga cikin itatuwan. Zafin Fabrairu ya tsaya a waje kamar an rufe masa ƙofa. Haske yana saukowa sala-sala, ƙamshin ganye ya cika iska, kowace bishiya ɗauke da zanen taɓo a daidai kan mutum, shaidar inda ruwa ya kai. Tregear ya shekara hamsin da takwas a bakin kogin nan, ya sayar da dazuzzuka a takarda ba adadi, amma duk wanda ya taɓa takawa an riga an sare manyansa tun zamanin jiragen ruwa masu cin itace. Nan kuwa gatari bai taɓa shiga ba. Can tsakiya Dulcie ta tsaya.

Da farko ya zaci bango ne. Sai da ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi, sannan ya gane itace guda ne. Kututturen ya murɗe kamar igiyar da aka yi wa ƙattin farko, fari da toka da ja, rassansa kowanne ya kai wata bishiyar kauri, suka miƙa suka rufe sama. Fararen aku ɗari ko fi suna zaune a ƙololuwa, ƙanana a ido kamar furanni. Kinnear, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya mutu ba, ya zaro sarƙarsa shiru ya kewaya gindin. Da ya dawo sai ya ce, "Ƙafa talatin da takwas," ya sake dubawa kamar bai yarda da sarƙar ba.

A jikin itacen, ta fuskar tsohon kwarin, akwai wani dogon tabo mai tsini sama da ƙasa, ya fi tsawon mutum biyu.

"Mutanen farko na kogin nan ne suka ɓare ɓawon suka yi jirgi," in ji Dulcie. "Jikokinsu na zuwa har yanzu, su zauna nan su yi shiru. Shi ya sa yayana ya ce kada a rufe ƙofa."

Kinnear ya tura hannu cikin tabon har gwiwa kafin ya taɓo tsohon itace. "Ka ga kaurin naman da ya rufe bakinsa? Wannan ya ɗauki shekara ɗari biyu. Kuma ranar da aka yanka shi, itacen ya riga ya tsufa. In na ce shekara ɗari shida, ban yi ƙari ba."

Tregear ya tsaya da hula a hannu. Ya tuna ranakun da ya haddace yana yaro, 1788 da Turawa suka sauka ƙasar, da 1851 da 1901, ya ga duk sun taru sun shige cikin ɓawon waje, ko kamu guda ba su cika ba. Saura kwana ashirin da shida shekarar ta cika.

Ya yi abin da mai hankali zai yi. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Sydney, ya sauka a Albury ya sauya wani jirgin kamar kowa, tunda har faɗin layin dogo jihohin biyu ba su yarda da na juna ba. Ya ga kamfanoni biyu masu izinin New South Wales. Duka sun karɓe shi da shayi, duka sun ba shi amsa guda: dajin da ba a sarewa ba ya ciyar da ofis. Ya je majalisa ya tambayi yadda za a sa sunan Tarrabin a jerinsu. Wani dattijon magatakarda ya ce masa ana iya yi, an ma taɓa yi, in an yi sauri shekara biyu.

Kashegarin dawowarsa Noel Harrop ya shigo ofis, ƙaton mutum mai jan wuya, yana juya hularsa a hannu.

"Mista Tregear, ni ba faɗa ya kawo ni ba. Ruwa ya tafi mini da shinge mil huɗu da tumaki ɗari uku. Masu injin katako sun ce ranar sha biyar ga Maris za su shigo da zarto, layin dogo na neman katako. Baba ya ba ku shekara. Na taɓa ko ganye?"

"Ba ka taɓa ba."

"To kada Gwaggo ta riƙa kallona kamar ɓarawo. Ni ma a gindin itacen nan na koyi tafiya."

Ranar 12 ga Maris da safe Tregear ya tuka mota shi kaɗai, ya gangara kwarin, ya je ya zauna a kan wata saiwa. Ba shi da wata dabara. So yake kawai ya ƙara ganin itacen yana tsaye. Ya daɗe a nan yana sauraren iska a rassa, wadda ƙararta ke zuwa daga nesa kamar ta ruwa, har ya ji takun takalman ruwa a bayansa.

"Kai, wa nake gani?" in ji Dulcie. "Yallaɓai, ka nemi izinin majalisar Sydney kafin ka tsallako? Ko a kira maka ɗan sanda?"

"Haba, ranki ya daɗe. Ai mutum ba ya bukatar izinin kowa kafin..."

Maganar ta maƙale masa. Ya miƙe tsaye sannu a hankali.

"Kafin me? Ka haɗiye ƙuda ne?"

"Kamfanoni dokar ta ɗaure, ba mutane ba," ya ce, kamar mai karanta rubutu a iska. "Kamfani majalisa ce ta haife shi, inda ikonta ya ƙare nan numfashinsa ya ƙare. Amma baligi mai hankali yana iya riƙon amana a kowace jiha, ba lasin, ba komai. Kuma wasiyyar ta ce, ko wanda kamfanin ya naɗa a gurbinsa. Ni na rubuta da hannuna."

"To me kake jira?"

"Ke za ki karɓa?"

"Ni? Likita ya ce in daina sayen ɗanyar ayaba, ba lallai in ga nunarta ba. Kinnear kuwa ko karensa ba zan ba shi riƙo ba. Kada ka yi ta waige-waige, ɗan nan, mu biyu ne a dajin."

Tregear ya koma ya zauna a kan saiwar. Ya san abin da ke ciki fiye da kowa. Jan turare yana yar da reshe mai nauyin mota a rana tsaka, ba iska ba gargaɗi, ga shi kuma an ce kada a rufe ƙofa. In ya faɗa kan wani, ba hatimi za a kira kotu ba, Cecil Tregear za a kira, da gidansa da sunansa. In gobara ta tashi, shi ne. In wani ya shigo da zarto a ɓoye, shi ne.

"Marigayi bai so mutum ba," ya ce. "A gabana ya faɗa. Ya ce mutum mutuwa yake yi."

"Ya yi gaskiya, ga shi ya nuna misali. To sai me? Dokar taku ba ta yarda mai riƙo ya naɗa magaji ba?"

"Ta yarda."

"Kaka ya ba Baba, Baba ya ba yayana, babu mai hatimi a cikinsu. Kai ma ka ɗauka ka kai inda ƙarfinka ya kai, ka sauke wa wani."

Ya ɗaga kai ya dubi rassan. Ƙwaƙwalwarsa ta akawu ta yi lissafin da kanta: shekara ɗari shida, in kowa ya riƙe talatin, mutum ashirin ke nan. Ashirin kacal, waɗanda za su zauna a benci biyu na coci. Ya yi ta mamakin ƙanƙantar adadin. Kullum yana ɗaukar dawwama abu ne da sai an je majalisa an roƙo.

Kashegari shugabannin kamfanin suka zauna. Babbansu ya karanta takardar naɗin sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Cecil, ka fahimta dai? Daga bakin kwarin nan ba mu san ka ba." Tregear ya ce ya fahimta. Aka danna hatimi, a cikin Victoria, inda yake da ƙarfi.

Ranar 14 ga Maris da hantsi suka taru a gindin itacen su huɗu, domin Dulcie ta rantse ba za a sa hannu a ko'ina ba sai nan. Kinnear ya zo shaida. Noel ya zo don an gayyace shi, ya tsaya gefe ya harɗe hannuwa. Aka ɗora takardar karɓar amana a kan murfin gwangwanin biskit. Tregear ya zaro alƙalaminsa, ya gyara tsayuwa, ya fara rubutu.

"Tsaya, Akawu!" in ji Kinnear. "Me ka rubuta?"

Tregear ya duba. Hannunsa ya riga ya rubuta "a madadin".

"A madadin wa?" in ji Dulcie. "Aku?"

Har Noel sai da ya yi dariya. Tregear ya ja layi ɗaya a kan kalmomin, ya sa Kinnear ya yi alama a gefe kamar yadda ƙa'ida ta ce, sannan ya rubuta Cecil Tregear. Ya tsaya yana kallon sunan. Bai taɓa sanin gajere ne haka ba.

Ya rufe alƙalami ya juya wajen Noel. "Wasiyya ta hana taɓa na tsaye. Ba ta ce komai a kan na kwance ba. Duk abin da ruwa ya kayar, ka kwasa ka yi turakun shinge."

"Ba zai kai mil ɗaya ba," in ji Noel.

"Na sani."

Noel ya daɗe yana duban tabon jirgin nan. Sannan ya ce, "Sai in je in sallami masu zarto," ya sa hularsa, amma bai motsa ba.

A daidai lokacin, can cikin daji, wani abu ya yi ƙara kamar harbin bindiga. Sai wani dogon kukan itace, sai faɗuwa, har ƙasa ta girgiza a tafin ƙafarsu. Akun nan suka tashi gaba ɗaya, suka rufe sama fari fat suna kururuwa, suka kewaya sau biyu, suka dawo suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙura ta taso tsakanin itatuwa, haske ya ratsa ta.

Da shiru ya dawo, Tregear ya ga su ukun duk shi suke kallo. Ya jingine laimarsa a jikin itacen, ya naɗe hannun riga, ya nufi wurin don ya ga abin da ya faɗi.